Tarihin Fataucin Ƙanƙara da Zafin da ke Ɓoye Cikin Ruwa

Daga cikin sana'o'in da 'yan Adam suka riƙa a bayan ƙasa, waɗanda suka taso da ƙarfi, suka wadata jama'a, sa'an nan zamani ya juya musu baya har aka kusa mancewa da su, da wuya a sami wadda ta kai fataucin ƙanƙara ban mamaki, domin kuwa haja ce wadda ba a shuka ta, ba a saƙa ta, ba a ƙera ta, kuma tun daga sa'ar da fatake suka ɗora ta bisa raƙumi ko suka zuba ta cikin jirgi take raguwa, ba dare ba rana, har ta isa hannun mai saye. Duk da haka an yi shekaru fiye da dubu ana saukar da ita daga ƙwanƙolin duwatsu zuwa fadojin sarakuna, daga bisani ma aka riƙa ƙetare tekuna da ita, alhali kuwa galibin waɗanda suka ci abinci da ita ba su san sababin da ya sa take jure doguwar tafiya ba. Sababin nan shi ne mas'alar da ake ba 'yan makaranta a yau cikin darasin kimiyya, inda akan ce su lissafa miƙdarin zafin da za a cire daga ruwa kafin ya daskare. Na ga ya kamata a bi asalin wannan mas'ala tun daga tushe, gama wanda ya san irin wahalar da aka sha kafin a gane ta ba zai ɗauke ta wasan lambobi ba.

Kakanninmu na ƙasar Hausa ba su san ƙanƙara ba sai wadda take faɗowa daga sama tare da hadari, ta ɓata shuka, yara su tsince ta da gudu kafin ta narke. Malamanmu kuwa sun haɗu da ita a cikin littattafan fiƙihu, a babin tsarki, inda Shehu Halilu ya bayyana cikin Muhtasar cewa ruwan da ya daskare sa'an nan ya narke yana nan bisa hukuncinsa na ruwa mai tsarki mai tsarkakewa. Amma rashin ƙanƙara bai hana su shan ruwan sanyi ba, domin suna da randa da tulu da salka, waɗanda dukkansu aiki ɗaya suke yi: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ko fata, iska ta busar da shi, shi kuwa ruwan da ya tashi ya bi iska sai ya tafi da wani kaso na zafin wanda ya rage a ciki. Matar da ta kafa randarta cikin jiƙaƙƙen rairayi a inuwa, inda iska ke kaɗawa, ta riga ta yi aiki da ƙa'idar da masu hikima ba su rubuta ba sai bayan ƙarnoni, watau cewa ba a zuba wa abu sanyi daga waje, zafin da ke cikinsa ake janyewa.

A ƙasashen Musulmi na gabas, inda Allah ya haɗa kwaruruka masu tsananin zafi da duwatsu masu dusar ƙanƙara a kusa da juna, nan ne wannan fatauci ya yi ƙarfi tun da wuri. Imamu Ɗabari ya ambata cikin tarihinsa cewa a shekara ta 160 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 777 ta Miladiyya, da Halifa Mahadi na daular Abbasiyya ya yi aikin Hajji, an kai masa ƙanƙara har Makka, kuma shi ne halifa na farko da aka yi wa haka. Mai karatu ya tsaya ya dubi nisan da ke tsakanin Makka da kowane dutse mai ƙanƙara, ya kuma tuna zafin Hijaz, sa'an nan zai gane irin dabara da gaugawar da wannan aiki ya bukata. A zamanin sarakunan Mamaliku na Masar kuwa al'amarin ya zama hidimar hukuma mai tsari da ma'aikata, kamar yadda Ƙalƙashandi, wanda ya rasu a 1418, ya bayyana cikin littafinsa Subhul A'asha: ana tara ƙanƙara daga duwatsun Sham, a kawo wani sashe cikin jiragen ruwa zuwa Dimyaɗ, daga nan a bi kogin Nilu zuwa Alƙahira, wani sashen kuma a ɗora wa raƙuma masu sauri daga Dimashƙa, ana musanya su zango zango, har kayan ya shiga ɗakin shaye-shayen Sarkin Musulmi a cikin ganuwar fada.

Mutanen Farisa kuwa ba su tsaya ga ɗebo ta daga dutse ba, har yin ta suka koya a bakin hamada. A garuruwa irin su Yazdu da Kirman har yanzu ana ganin kufan rumbunan ƙanƙara na tubali, masu dogon tulluwa da rami mai zurfi a ƙarƙashi, a gefensu kuma ga doguwar katanga wadda take kare wasu faffaɗan kududdufai marasa zurfi daga rana. Da daren hunturu sai a sako ruwa kaɗan cikin kududdufan nan, kafin asuba ya daskare, a farfasa a jibge cikin ramin, a riƙa rufewa da tattaka, a ajiye sai bazara. A ƙasar Hindu ma, wajen Allahabad, wani Bature mai suna Robert Barker ya rubuta a 1775 yadda ake haƙa ramuka a fili, a shimfiɗa busasshen kara, a jera ƙananan kasake na yumɓu cike da ruwa da almuru, da sassafe a tattara ɓawon ƙanƙarar da ya kwanta a kansu, ko da yake iskar wurin ba ta kai sanyin daskarar da ruwa ba. Hikimar ita ce, a daren da sama ta yi garau babu gajimare kuma iska ta kwanta, ruwan yana sakin zafinsa ya tafi sararin samaniya kai tsaye, karan da ke ƙarƙashi kuma ya hana zafin ƙasa hawowa ya maye gurbinsa. Abul Fadli, wazirin Sarki Akbar na ƙasar Hindu, ya ambata cewa da sarkin ya zauna a Lahor aka riƙa kawo masa ƙanƙara daga duwatsun arewa ta jirgin ruwa da ta ƙasa, ana kuma sanyaya ruwa da wani irin gishiri wanda ake haɗa albarushi da shi.

Duk waɗannan al'ummai sun san aiki, sun kuma ƙware, amma bayanin sababinsa bai samu ba sai da aka ƙago ma'aunin zafi, aka daidaita shi a ƙarni na 18, Fahrenheit ya tsara nasa a 1724, Celsius kuma a 1742. Ra'ayin masana a lokacin shi ne cewa idan ƙanƙara ta kai matakin narkewa, zafi ƙalilan ya isa ya mayar da ita ruwa baki ɗaya, haka kuma ruwan da ya kai matakin daskarewa ba ya bukatar komai sai ɗan ƙarin sanyi. Wanda ya rushe wannan zato shi ne Joseph Black, likita kuma malamin kimiyya a jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, wanda aka haifa a 1728 ya rasu a 1799. Hujjarsa ta farko ba ta bukaci kayan gwaji ba, hankali kawai ta bukata da lura da halitta. Ya ce in da zaton nan gaskiya ne, da a ranar farko da ɗumi ya sauka bayan hunturu dukan dusar ƙanƙarar da ta taru bisa duwatsu ta narke nan take, da kuwa ambaliya ta share garuruwa kowace shekara. Amma abin da ido ke gani shi ne tana narkewa sannu sannu cikin makonni, har a kan ajiye ta cikin rami ta kai bazara. Lalle ne, ashe, akwai zafi mai yawa da ke shiga cikinta wanda ma'auni ba ya nunawa.

Wajen shekarar 1761 zuwa 1762 sai ya tabbatar da wannan ta hanyar gwaji. Ya rataye kwalabe biyu a cikin ɗaki mai ɗumi, ɗaya da ruwa mai tsananin sanyi wanda bai daskare ba, ɗaya kuma da ƙanƙara daidai nauyinsa, ya zauna yana duba ma'auni. Cikin rabin sa'a ruwan ya hau digiri 7 a ma'aunin Fahrenheit, amma ƙanƙarar sai da ta ɗauki sa'a goma da rabi kafin ta narke ruwanta ya kai wannan matsayi, alhali kuwa ɗaki ɗaya suke, zafi iri ɗaya ke shigar su. Sa'a goma da rabi rabin sa'a 21 ke nan, saboda haka ƙanƙarar ta sha zafin da ya isa ya ɗaga ruwa digiri 147, amma abin da ya bayyana a ma'auni bai wuce 7 ko 8 ba. Sauran kimanin 140 sun shige, sun ɓace wa ma'auni, aikinsu kawai mayar da daskararre ya zama mai gudana. Black ya kira wannan ɓoyayyen zafi. Akwai wani gwaji mafi sauƙi da ke nuna abu ɗaya, wanda kowa zai iya yi: a zuba kilo ɗaya na ruwa mai zafin digiri 80 a ma'aunin Celsius a kan kilo ɗaya na ƙanƙara wadda take kan sifiri, in an tsare kwanon daga zafin waje, abin da za a samu shi ne kilo biyu na ruwa, dukkansa a kan sifiri.

Abin da ya fi shafar mas'alarmu shi ne cewa ƙa'idar tana aiki gaba da baya, watau duk zafin da ƙanƙara ta karɓa wajen narkewa, daidai shi ruwa yake fitarwa wajen daskarewa, babu ƙari babu ragi. Tun a 1724 Fahrenheit ya ba da labarin wani abin al'ajabi, cewa ruwan da aka bari shiru ba motsi yana iya sauka ƙasa da matakin daskarewa yana nan ruwa, amma da an girgiza shi sai ƙanƙara ta bayyana farat ɗaya, ma'auni kuma ya yi tsalle ya koma matakin daskarewa. Black ya fassara wannan da cewa sashen da ya daskare ne ya saki ɓoyayyen zafinsa, ya ɗumama sauran. Masanan da suka zo daga baya sun ƙara bayani, suka nuna cewa ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai masu kai da kawowa, kuma daskarewa ita ce su tsaya su kama juna cikin sahu, abin da ba ya yiwuwa sai sun rabu da wani kaso na kuzarinsu. Misalinsa kamar mutumin da ake bi tsohon bashi ne, yana aiki yana samun kuɗi kullum, amma ba a ganin ƙaruwa a hannunsa sai ranar da ya gama biya. Haka ma'auni yake tsayawa cik a kan sifiri muddin akwai ruwa da ƙanƙara a haɗe, komai yawan zafin da ke shiga ko fita. A hunturun 1782 zuwa 1783 Lavoisier da Laplace na Faransa suka juya ƙa'idar ta zama sikeli, suna auna zafin abu da nauyin ƙanƙarar da ya narkar.

Ga yadda lissafin yake a ma'aunin yau, wanda ake ƙidaya zafi da jul, sunan da aka ɗauko daga James Joule na Ingila, kowane jul dubu kuma ana ce masa kilojul. Kilo ɗaya na ruwa yana sakin kimanin kilojul 4.2 a kowane digiri da ya sauka. Yana sakin kilojul 334 wajen daskarewa ba tare da ma'auni ya motsa ba. Bayan ya zama ƙanƙara kuma yana sakin kimanin kilojul 2.1 a kowane digiri. To, in aka ɗauki kilo ɗaya na ruwan rijiya mai digiri 30, ana so ya zama ƙanƙara mai digiri 10 ƙasa da sifiri, tafiyar zango uku ce: daga 30 zuwa sifiri kilojul 126, daskarewa kilojul 334, daga sifiri zuwa 10 ƙasa da shi kilojul 21, jimla 481. Dubi yadda zangon tsakiya, wanda ma'auni bai nuna komai a cikinsa ba, ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku na dukan aikin. Ɗalibin da ya ninka nauyi da bambancin digiri kawai, ya tsallake wannan zango, ya koma ga zaton da aka yi watsi da shi tun zamanin Black. In kuma na'ura tana janye jul 100 a kowace daƙiƙa, minti 21 ya isa ta kai ruwan nan sifiri, amma sai ta ƙara wajen minti 56 kafin ya gama daskarewa.

Wanda ya mayar da wannan sifa ta ƙanƙara dukiya mai yawa ba masani ba ne, ɗan kasuwa ne na birnin Bostan a Amurka, Frederic Tudor. A ƙasarsu tafkuna suna daskarewa kowane hunturu, masu hali kuma suna yanka kaɗan su ajiye don amfanin gida, amma ba wanda ya yi tunanin sayar wa mutanen ƙasashen zafi. A 1806, yana saurayi ɗan shekara 22, ya cika jirgi da ƙanƙara ya nufi tsibirin Martinik, mutanen garinsu suna yi masa dariya. Ya kuwa yi hasara, gama babu rumbun ajiya a can, mutanen tsibirin kuma ba su san abin da za su yi da ita ba. Bashi ya yi masa katutu har aka ɗaure shi a kansa a 1812 da 1813, amma bai saki sana'ar ba. Ya giggina rumbuna a Habana da garuruwan kudancin Amurka, ya riƙa koya wa masu sayar da abin sha amfani da ita har jama'a suka saba, ya kuma gano cewa dusar katako, wadda masu tsaga itace suke zubarwa a banza, ta fi tattaka tsare ƙanƙara. A 1825 abokin aikinsa Nathaniel Wyeth ya ƙago wata garma mai haƙoran ƙarfe wadda doki ke ja bisa fuskar tafki, tana tsaga layuka a miƙe, har aka riƙa samun dunƙule masu kusurwa huɗu daidai wa daida, waɗanda ake jerawa su manne da juna ba tare da kafar da iska za ta shiga ba.

Babbar nasararsa ta zo a 1833, lokacin da jirgin Tuscany ya tashi daga Bostan a watan Mayu da kimanin tan 180 na ƙanƙara, ya yi wata huɗu a teku, ya ƙetare tsakiyar duniya mai zafi sau biyu, ya isa Kalkata ta ƙasar Hindu a watan Satumba da kimanin tan 100 a cikinsa. Abin da mutane suka ɗauka kamar sihiri ba kome ba ne illa lissafin Black da aka yi da babban ma'auni. Kowane kilo ɗaya ba ya narkewa sai kilojul 334 sun sami hanyar shiga, hanyar kuwa ba ta da ƙofa sai ta bayan tarin, kuma gwargwadon girman tari gwargwadon ƙanƙantar bayansa in an gwada da abin da ke cikinsa. Dusar katako ta toshe ƙofar, sashen waje da ya narke ya shanye zafin da ya kutso, na ciki ya tsira. Turawan da ke mulkin Hindu suka yi murna ƙwarai, aka gina rumbunan ƙanƙara a Kalkata da Bombai da Madaras, wanda na Madaras ɗin yana tsaye har yau, Tudor kuma ya biya basussukansa, ya rasu a 1864 yana attajiri.

Ba daidai ba ne a ambaci attajirin a mance da waɗanda suka yi aikin da hannunsu. Dubban manoma da leburori, waɗanda hunturu ya hana su noma, su ne suke fita bisa tafki cikin sanyin da ke tsaga fata, su share dusar da ta rufe shi, su bi garma, su yanke da dogon zarto, su tura dunƙulen da sanduna masu ƙugiya zuwa bakin rumbu, wani lokaci kuma ƙanƙarar ta fashe mutum ko doki ya faɗa ruwa. Da guminsu aka sami damar kai nama da madara da kifi daga nesa zuwa manyan birane ba su lalace ba, likitoci kuma suka sami abin sanyaya masu zazzaɓi. Ƙasar Nowe ma ta shiga sana'ar, ta zama mai ciyar da Ingila da ƙanƙara, har wajen 1900 tana fitar da kimanin tan miliyan ɗaya a shekara.

Amma tun sana'ar tana ganiyarta abin da zai kashe ta yana girma a gefe. William Cullen, malamin Black, ya nuna wajen 1755 cewa in aka sa wani ruwan magani mai saurin tashi ya zama tururi a cikin kwanon da aka zuƙe wa iska, yakan janye zafi har ruwan da ke kewaye ya daskare. Jacob Perkins ya yi rajistar na'ura bisa wannan hanya a Landan a 1834. John Gorrie, likita a Fulorida, wanda tausayin majinyatansa masu zazzaɓi ya sa shi neman sanyi, ya sami rajistar tasa a 1851, ya kuwa rasu a 1855 bai ga amfanin wahalarsa ba. James Harrison, mai buga jarida a Ostireliya, ya kafa injin yin ƙanƙara na kasuwa a shekarun 1850. Ferdinand Carré na Faransa ya fito da nasa mai aiki da amoniya a 1859. Carl von Linde na Jamus kuma ya kyautata al'amarin a shekarun 1870 har injin ya zama abin dogara. A 1882 jirgin Dunedin ya kai daskararren nama daga Niyu Zilan zuwa Landan lafiya lau.

Asalin aikin waɗannan na'urori duka ɗaya ne, kuma ɗan'uwan aikin randa ne. Ana sa wani ruwa na musamman ya zama tururi a cikin bututun da ke zagaye da abin da ake son sanyayawa, ya kwashi zafinsa. Sai injin ya matse tururin a wani bututu na waje har ya koma ruwa, ya zubar da zafin ga iska. Sa'an nan a mayar da shi ciki ya sake ɗebowa. Shi ya sa bayan firji yake da zafi, domin zafin da aka cire daga ruwa ba ya halaka, wuri kawai ake sauya masa, kuma sauyawar ba ta yiwuwa sai an biya ta da wuta ko mai. Da aka kafa masana'antar ƙanƙara a Kalkata a 1878, cikin 'yan shekaru jiragen Bostan suka daina zuwa. A Amurka kanta, ƙazantar da birane ke zubawa cikin tafkuna da kuma shekarun da hunturu ya gaza sun sa ƙanƙarar inji ta rinjayi ta tafki dab da Yaƙin Duniya na Farko, firjin gida kuma ya ƙarasa abin da ya saura. Sana'ar ta mutu, amma ta bar gado cikin ma'aunin injiniyoyi, gama har gobe ana faɗin ƙarfin manyan na'urorin sanyaya da tan, ana nufin zafin da zai narkar da tan ɗaya na Amurka, watau kilo 907 na ƙanƙara, cikin sa'a 24, wanda ya kama kimanin kilowat 3.5.

A garuruwanmu kuwa sana'ar tana raye da wata kama, musamman in azumi ya faɗo cikin bazara, inda za ka ga masu ƙanƙara a bakin titi bayan la'asar, sun lulluɓe hajarsu da buhuna, wasu da dusar katako, mutane sun kewaye su kowa yana son abin buɗa baki. Mai wannan sana'a ya san cewa babban dunƙule ya fi ƙanana jurewa, ya san cewa in an ɗauke wuta da tsakar dare zai wayi gari da ruwa mai sanyi ƙalau wanda bai daskare ba, kuma wanda ya bi lissafin da ya gabata ya san dalili: zangon farko gajere ne, na biyu ne mai tsawo, a cikinsa ake ƙona mafi yawan man janareta. Dunƙule mai kilo 10 daga ruwa mai digiri 30 yana bukatar a janye kilojul 4,600, wanda 3,340 daga ciki na daskarewa ne kaɗai. A ɗaya gefen kuma, wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya koma ga hikimar randa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu domin ajiye kayan lambu a ƙauyukan da babu wuta, ya yaɗa ta cikin karkara, har aka ba shi kyautar Rolex a shekara ta 2000. Tukunyarsa ba ta yin ƙanƙara, amma tana aiki da ɓoyayyen zafi na tashin tururi, wanda ya kai kimanin kilojul 2,400 a kowane kilo, fiye da ninki bakwai na daskarewa.

Abin da nake roƙon malaman makarantunmu shi ne su koyar da wannan babi da ruwa da ƙanƙara da ma'auni a gaban yara, su bar su su ga da idonsu yadda ma'aunin ke tsayawa alhali ƙanƙara tana narkewa, sa'an nan su aike su wurin mai ƙanƙara na unguwa su tambayi nauyin dunƙulensa da sa'o'in da yake ɗauka, su lissafa da kansu. Ƙasar da tumatir ke ruɓewa a kasuwa saboda zafi, madarar Fulani ke lalacewa kafin ta isa gari, allurar rigakafi kuma ba ta da amfani sai an tsare ta cikin sanyi tun daga ma'ajiya har ƙauye, tana da bukatar 'ya'yan da suka san adadin zafin da za a janye, da tsawon lokacin da zai ɗauka, da abin da zai ci na wuta ko hasken rana. Ilmin nan an same shi da lura da haƙuri, ba a kuma keɓe shi ga wata al'umma ba. Allah ya ba 'ya'yanmu himmar nemansa, ya kuma sa su amfani jama'a da shi.